Arewa Ta Yi Iyaka Da Rafi

Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni irin wannan ba, kuma na yi dako a tasha, na yi haƙar rijiya. Kwana uku na yi ina fama da abu ɗaya tak, wai in sa kwamfutata ta riƙa miƙo mini takardar gona da dannawa ɗaya. Bayana ya yi ciwo, idona ya yi ja, har matata ta tambaye ni ko wani ne ya kai ni ƙara.

Bari in fara faɗin sana'ata. Ina da ɗan shago a Kabo, benci biyu da tebur, ina buga wa mutane takardu. Karatuna bai wuce firamare ba. Wajen wani tsohon akawu na koyi tafireta, da tafireta ta mutu na koma kwamfuta, da yatsa biyu, kuma har yau da yatsa biyun nake yi. Yawancin aikina takardun gona ne, ko an sayar, ko an raba gado. In na buga sai su kai wa mai unguwarsu ya sa hatimi, shaidu su dangwala yatsa.

Yadda na saba yi shi ne, masu gona su zauna a benci, ni ina bugawa ina faɗin kowace kalma da baki, domin haka tsohon akawun ya koya mini. In na zo kan iyaka sai in ɗaga kai in ce, gabas ta yi iyaka da wa? Nan za a fara gardama. Wannan ya ce gonar wane, wancan ya ce a'a, ai wane ya sayar tun bara. Kafin in gama lalubo haruffa sun daidaita. Takarda ɗaya takan ci mini awa guda. Ranar kasuwa kuwa mutane su cika bakin shagon, wasu su gaji su tafi, ni kuma in koma gida wuyana kamar an ɗaure shi da waya.

Ina da taubashi a Gwarzo, ɗan gwaggota, sa'ana ne, gyaran kwamfuta yake yi. Wata rana na kai masa firinta ya duba, sai na ga ya danna ɓangaren dama na maus a kan allo, wani ɗan jeri ya fito. Ya gangara kan wata kalma mai harafi uku, New, wato sabo, sai wani jerin ya buɗe a gefe. Ya zaɓi ɗaya, sabuwar takarda ta faɗo kan allon. Ni ma ina da wannan jerin a tawa, amma ban taɓa kula da shi ba.

Na ce, "Kai, wannan jerin, ana iya sa tawa a ciki? Takardar gona, da duk maganganunta a rubuce, in cike suna kawai?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Tsohon tafireta, yau kuma kai ne da son zamani? Ana iya sawa. Amma sai an shiga hanjin injin."

"To zo ka shiga mini."

"Ni in bar shagona in je Kabo in kalli yatsunka biyu? Ka kira ni a waya. Amma ka ji da kyau, wurin nan in ka goge layi ɗaya ba daidai ba, injin ba zai sake tashi ba. Sai dai ka koma dakonka."

Da wannan tsoron na fara. Ya sa na buga wata kalma, regedit, sai wata taga ta buɗe, gefen hagu cike da ƙananan jakunkuna rawaya, ba su ƙirguwa, kowace da ɗigo a gaban sunanta. Ya ce kowane fayil yana da wutsiya, haruffa uku ko huɗu bayan ɗigo, da ita injin ke gane irinsa. Kowace wutsiya gurbi ɗaya take da shi a jerin. Irin takardar da nake bugawa kullum ta riga ta kama nata gurbin, saboda haka sai mu ari wutsiyar tsohon yayi wadda ba na amfani da ita. A ƙarƙashinta zan buɗe sabuwar jaka in sa mata suna ShellNew, a cikinta kuma in rubuta wa injin inda zai je ya ɗauko uwar takarda. Duk sabuwar da zai haifa, kamar uwar za ta fito, harafi da harafi.

A faɗe abin ba shi da yawa. Ranar farko na buɗe jakar a ƙarƙashin wata wutsiyar daban, domin sunayen kamarsu ɗaya a idona. Rana ta biyu na sa tazara a tsakiyar sunan, na kashe injin na kunna har sau shida, jerin yana nan yadda yake. Duk sanda zan goge abin da na ɓata, injin sai ya tambaye ni ko na tabbata, ni kuwa ban tabbata da komai ba, haka nake dannawa. Taubashina yana ta zagina a waya. "Haɗe suke, ɗan kawu! Haɗe! Kai ko gwaggo da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba da ta gama."

Rana ta uku ya ce in shirya uwar takardar. Ya ce in buga sabuwa fes, wadda ba sunan kowa a ciki. Ni kuma na ga wannan wahala ce a kan wahala, alhali ina da wata takarda da na taɓa buga wa wani Alhaji na Kutama, wadda ban taɓa yin mai kyawunta ba. Maganganunta a tsare, ba kuskure ko ɗaya. Na buɗo ta, na bi ina goge sunaye ina sa ɗige-ɗige a gurbinsu. Na goge sunan mai sayarwa da na mai saye. Na zo kan iyaka na goge gabas, na goge yamma, na goge kudu. Ina cikin haka taubashina ya sake kira, wai yana da mutane a gabansa, in yi sauri in ajiye ta ya faɗa mini inda zan sa. Na gangara na goge shaidu, na ajiye.

Da na kashe na kunna, na danna dama, na gangara kan New, sai ga ta nan a jerin, da sunan da ya nuna mini yadda zan sa mata: Takardar Gona. Na danna, ta faɗo kan allo. Wallahi sai da na tashi tsaye. Duk tsorona a kan injin yake, shi kuwa ya tashi lafiya lau, sai na ɗauka na tsira.

Daga nan aikin ya zama wani iri. Kafin mutane su gama gaisuwa na fito da takarda. Na daina faɗin kalmomi da baki, domin ba abin faɗa, komai a rubuce yake. Idona yana bin inda ɗige-ɗige suke ne kawai, inda na ga layi a cike sai in wuce. Takardar awa guda ta koma ta minti goma. Gardamar benci ta ragu, ni kuma na ce alhamdu lillahi.

Wajen ƙarshen rani, wata ranar kasuwa, wasu 'yan'uwa uku suka zo daga Gammo. Mahaifinsu ya rasu, an raba musu gona, kowa yana son takardar kasonsa. Ƙananan biyun na tsakiya da na kudu suka samu, kuma da yake kowannensu ɗan'uwansa ne a arewa da shi, su da kansu suka tsaya a kaina sai da na rubuta sunan. Babban wan shi ya samu kason arewa. Dogo ne, ba ya yawan magana, yana tsaye a bakin ƙofa yana duban hanya domin motarsu ta kusa tashi. Na ce gabas, ya faɗa. Yamma, ya faɗa. Kudu, ya faɗa. Na wuce kan shaidu, na fitar, na miƙa masa. Ya naɗe ya sa a aljihu.

An yi kamar wata guda da rabi. Zafi ya kai inda ya kai, kullum da yamma hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Kowa ya gama sharar gona, an kai taki, ruwa kawai ake jira. Ranar nan bayan la'asar ba kowa a shagon, sai wani dattijo ya yi sallama. Farin tsoho ne siriri, da sanda, daga gidajen nan na gefen Gammo waɗanda kakanninsu makiyaya ne, yanzu noma suke yi suna kiwon shanunsu a gida. Mun gaisa sosai, ya tambayi iyali da aiki da zafi, na tambayi gida da dabbobi. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, kwafi ce, ta sha naɗi.

"Malam, karanta mini wannan. Mai ita ne ya ba ni. Ya ce in kai duk inda na ga dama a karanta mini, ko Kano ne."

Da ganin tsarinta na san aikina ne. Ta babban wan nan ce, ga hatimin mai unguwa, ga yatsun shaidu. Na fara karantawa da ƙarfi, abin da na daɗe ban yi ba. Na karanta gabas da yamma da kudu. Sai na ce, "Arewa ta yi iyaka da rafi."

"Sake faɗa."

"Arewa ta yi iyaka da rafi, Baffa."

Ya jingina sandarsa da benci. "Tsakanin gonar nan da rafi akwai burtali, Malam. Ta nan shanunmu ke bi su sha ruwa, tun ban san kaina ba. Ba mu da wata hanyar, ko'ina gonaki ne. Uban yaran nan, Allah ya jiƙansa, mun tsufa muna maƙwabtaka, bai taɓa sa fartanya a burtalin nan ba. In damina ta yi shi yake fara cewa in turo yara mu gyara shinge tare. To shekaranjiya ɗansa ya kafa turaku har bakin ruwa. Ya ce takarda ta ba shi."

Na ce, "Kun je wajen mai unguwa?"

"Mun je. Ya duba ya ga hatiminsa. Ya ce abin da aka rubuta an rubuta." Ya ɗan matso. "Kai ka buga ta?"

"Ni na buga."

"Su suka ce maka rafi?"

 Na tuna mutumin a bakin ƙofa, na tuna na tambaye shi sau uku, na nemi na huɗun a kaina ban same shi ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Abin da aka faɗa mini nake bugawa, Baffa."

 Bai ce na yi ƙarya ba. Ya karɓi takardarsa ya naɗe ta yadda take.

"To shi ke nan. Ni dai abin da na sani, ranar da ruwa ya sauka zai shuka wurin. Shanu kuwa ba su san takarda ba, ƙishirwa suka sani. Ina da 'ya'ya huɗu maza, duk da iyalinsu. Da sun yi ta faɗa da zagi da hankalina ya kwanta, zan san abin da zan tare. Tun shekaranjiya ba wanda ya ce uffan. Jiya babbansu ya je ya tsaya a gaban turakun nan ya daɗe, ya dawo ya ci tuwonsa. Wannan ne ya taso ni."

Ya yi mini sallama ya fita. Na bi shi da kallo har ya sha kwana.

Na koma kan kujera na danna dama, na gangara, na zaɓi Takardar Gona. Ta buɗe. Gabas ɗige-ɗige, yamma ɗige-ɗige, kudu ɗige-ɗige. Arewa ta yi iyaka da rafi. Rafin Alhajin Kutama ne, wanda ban goge ba ranar da ake gaggauta ni a waya. Na rufe na sake dannawa, wata ta fito, da rafinta. Na yi ta yi kamar wanda ya zautu, sai da na jera biyar a kan allo, ko wata za ta fito daban. Daga nan na bi takardun da na buga tun ranar. Yawancinsu masu su sun tsaya a kaina an gyara arewar, ban ma lura ina gyara abu ɗaya kullum ba. Amma ban da ta babban wan, na sami biyu da suka tafi da rafin. Ɗaya ma ta wani mutumin Unguwar Tudu ce, gonar da ko kududdufi babu kusa da ita.

Na kira taubashina na faɗa masa komai. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Na ce maka ka buga sabuwa."

"Ka ce."

"To ka ji. Buɗe hanjin, ka je kan jakar nan da ka sha wuya a kanta, ka goge. Ka goge uwar ma. Minti ɗaya ne. Wa ya sani? Mai unguwa ya sa hatimi bai karanta ba, shaidu sun dangwala ba su karanta ba. Kowa yana da nasa kason laifin, kai ne za ka ɗauke musu duka?"

"Burtalin fa?"

"Burtalin ubanka ne? Kawu bai bar maka ko akuya ba." Ya sassauta murya. "Ɗan kawu, da gaske nake. In ka buɗe baki, duk wanda ka buga wa takarda tun rani zai dawo maka da ita a hannu, har waɗanda tasu lafiya lau. Ba mai sake zama a bencinka. Ka kunyata mai unguwa a gaban mutanensa. Shi kuma wancan, mutumin da ya riga ya kafa turke, kana jin zai ce maka na gode? Goge kawai, ka yi salla, ka roƙa musu zaman lafiya."

Na buɗe tagar yana kan waya. Yanzu na san hanya, ban ɓata ba. Na sami jakar, na danna gogewa, injin ya fito da tambayarsa ta kullum, ko na tabbata.

Na zauna ina kallonta. Abin da na gani shi ne, in na goge, ko gobe zuciyata ta dame ni na je Gammo na ce kuskurena ne, bakina kawai zan kai. Babban wan zai ɗaga takarda mai hatimi, ya ce tsohon ya saye ni. Kuma za a yarda da shi, domin ni ma da zan yarda. Abu ɗaya ne a duniya zai nuna cewa ba wanda ya faɗi rafin nan, shi ne injin ya haifo sabuwar takarda a gaban idon jama'a, ba sunan kowa a ciki, da rafin a kwance. Abin da zai kashe mini shago ke nan, kuma ban da shi ba ni da wata shaida.

"Ka goge?" in ji shi.

"Ina zuwa," na ce, na kashe wayar. A kan tambayar injin kuma na danna a'a.

Ba zan ce na yanke shawara a lokacin ba. Na dai rufe shagon na tafi masallaci. Muna sallar magariba iska ta taso, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa, tana buga langa-langar rufi. Da muka fito gabas ta yi baƙi ƙirin, mutane suna ta murna suna cewa yau kam sai Allah. A gida matata ta sa mini tuwo na ci loma biyu. Ta ce lafiya, na ce gobe zan je Gammo. Ta ce aiki, na ce wani iri.

Da asuba na fito na tarar da tsakar gida ta jiƙe sharkaf, ruwa kwance a bakin zaure. An yi ruwan shuka.

Ban tsaya karyawa ba. Na buɗe shagon, na zare wayoyi, na naɗe injin a bargo na sa a buhu, na sa allon a kwalinsa, maus da kibod a aljihun riga da hammata. Na tsayar da masu babur biyu, ɗaya ya ɗaure ɗan janaretona a baya, ni na hau ɗayan na rungume buhun a cinya. Taubashina ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Tun daga fitar gari gonaki sun cika, maza a gaba da sungumi suna sara, iyali a baya suna zuba iri suna takewa. Hanyar ta yi laka, babur yana ta zamewa, mai tuƙin yana tambayata me ke cikin buhun da nake riƙe da shi haka. Na ce ya dai yi sauri. Da muka kusa Gammo, ya ce ƙofar mai unguwa ko? Na ce a'a, ya fara kai ni bakin burtali in ga ko an soma shuka wurin.